Ranar da Injiniya Abdulkahar Ya Canja wa Wasiƙu Rumbu

Ƙanin mijina Abdulkahar bai taɓa cewa bai san abu ba. Agogo ya tsaya, ya san dalili. Akuya ta ƙi cin dusa, ya san dalili. Ya taɓa zuwa Kaduna koyon kwamfuta, ya dawo tun ba a gama kwas ɗin ba, ya ce malaman ne suka roƙe shi ya tafi don yana ba su kunya a gaban ɗalibai. Tun daga ranar ya sa wa kansa suna Injiniya. Sana'arsa ta gaskiya kuwa, tebur ne da lema a bakin kasuwar Birnin Gwari, yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a waya ko a filash. Filash ɗin nan a wuyansa yake rataye su da igiya, jingim kamar layun ɗan dambe, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya.

Ni sunana Karima. Mijina mutane suna ce masa Dabo mai tsuntsaye, ni kuwa Malam nake ce masa. Aikinsa rakiyar masu bincike cikin dajin Kamuku, ya nuna musu inda burtu ke kiwo da inda cilakowa ke sheƙa. A farkon damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Ya bar mini gida, da 'yarmu Zakiyya da ke aure a Zariya, da wata tsohuwar kwamfuta ta tebur da masu binciken suka ba shi don karɓar saƙonninsu.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin, muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskarsa ina da hotuna. Amma in na rufe ido ina so in ji yadda yake sallama a zaure, sai in ji shiru. Ga shi Malam ba mai aika saƙon murya ba ne, wayata kuma ƙarama ce, ta kira da tocila.

Ina dab da fita takaba sai ga kiran Rachel, wata mai binciken tsuntsaye da ya daɗe yana yi wa rakiya.

"Maman Zakiyya, ya ƙarin haƙuri? Aikinmu ya ƙare, ina share kwamfutar ofis zan mayar musu, sai na ci karo da muryar Oga Dabo. Wata rana ce muna daji na ɗauka, yana kiran tsuntsaye, muna hira. Wayarki ba za ta ɗauka ba, shi ya sa na tura imel ɗinsa. Ki sauke ki adana, don daga gobe ni ma ba ni da shi."

Ko mayafi ban gyara ba na nufi ɗakin Malam. Ya koya mini kunna kwamfutar da buɗe manhajar da wasiƙu ke shigowa, iyakar sanina ke nan. Na buɗe, na ga sunan Rachel ya leƙo, sai wani jan rubutu ya tare gaba. Turancina bai wuce na aji biyun sakandare ba, amma na gane cewa take yi wuri ya cika, babu inda za a ajiye sabon saƙo.

Maƙwabciyata Inna Adawiyya, wadda ke taya ni zama tun ranar rasuwa, ta ce, "Ki aika Kaduna a zo da wanda ya iya."

Ba ta rufe baki ba muka ji sallama. Wallahi ban san wa ke kai wa Abdulkahar labari ba. Ina jin ƙanshin lalacewar na'ura yake ji daga kasuwa.

"Matar Yaya, Kaduna? Ina raye? Mutanen Kadunan ai ni suke bugo wa waya in abu ya gagare su."

"Su ce maka me?" in ji Inna Adawiyya.

"Su ce Injiniya, taimaka."

"Ni dai na ji sun ce Injiniya, dawo mana da sukurdireba."

Bai kula ta ba. Ya naɗe hannun riga, ya karanta jan rubutun yana gyaɗa kai kamar likita, ya ce wuri ya cika ko? Bari ya gani da idonsa. Ya kwance murfin gefen kwamfutar, ya leƙa ciki da tocila. Wata tsaka ta fito a guje ta bi ta hannun rigarsa. Ya yi tsalle ya buge kofin ruwa, ya ce ba tsoro ya ji ba, hanya ya ba ta.

"Ƙarya kwamfutar nan take yi," ya ce da ya dawo hayyacinsa. "Zo ki gani, matar Yaya. Ga fili nan, har kwanon tuwo sai ya zauna."

"To sa mata wasiƙar a filin mana," in ji Inna.

Ya mayar da murfi. Kusoshi suka yi saura a tafin hannunsa, ya zuba su a aljihu, ya ce na ado ne, Turawa ke ƙarawa don su tsorata mutane.

Sannan ya zauna ya yi mana bayani, yana nuni da maus.

"Ku saurara, zan sauko da abin daidai fahimtarku. Wasiƙa kamar hatsi ce. Tana zuwa daga sama, manhajar nan ta karɓa ta zuba a rumbu. Rumbun Yaya ya cika. Ɗan koyo sai ya ce a rage tsohon hatsi. Injiniya kuwa sabon rumbu yake ginawa. Yau zan canja wa wasiƙun gidan nan mazauni, canjin da ko a Abuja ba a taɓa yi ba."

Ya shiga nan, ya fita can, ya buɗe wani shafi mai ƙananan akwatuna da yawa. Ya ɗaga yatsa sama, ya ce mu yi bismilla. Kafin yatsan ya sauko NEPA ta ɗauke wuta.

Janareta ɗaya ne a layinmu, na Idrisu mai aski. Abdulkahar ya fita, jim kaɗan sai ga shi ya kinkimo janaretan, Idrisu na biye da shi yana faɗa, bayan Idrisu kuma ga wani mutumin ƙauyen Gayam da tawul a wuya, rabin kansa a aske tas, rabi kuwa gashi na nan cunkus.

"Ka kashe mini inji ina tsakiyar kan mutum!" in ji Idrisu.

"Aikin gaggawa ne. Saƙon marigayi ne ya maƙale tsakanin sama da ƙasa."

Da jin an ambaci marigayi sai jikin Idrisu ya yi sanyi. Mutumin Gayam ya ce in don Dabo ne ya yafe, shi ma ya taɓa raka shi neman saniyarsa da ta ɓace. Ya nemi wuri a zaure ya zauna da rabin kansa, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ƙarshen abin.

Wuta ta dawo ta janareta. Abdulkahar ya zaro filash ɗaya daga igiyar wuyansa, ya sumbace shi, ya cusa a kwamfutar.

"Ga sabon rumbu. Daga yau duk abin da ya shigo, nan zai sauka. Wasiƙa a ɗaki ɗaya, kayan da ta ɗauko a ɗaki ɗaya."

Ya danna. Manhajar ta rufe kanta, ta sake buɗewa. Na duba allon, na ga fari fat. Wasiƙun Malam na shekara da shekaru, waɗanda nake ganin jerinsu kullum, babu ko ɗaya.

"Abdulkahar, ina wasiƙun Malam?"

Ya matso da fuskarsa dab da allon. Ya ja baya. Ya leƙa bayan kwamfutar, har ƙarƙashin tebur ya duba.

"Suna kan hanya."

"Wace hanya?"

"Ƙaura ce fa, matar Yaya. Wa ya taɓa ƙaura kayansa suka iso rana ɗaya?"

"Ka gina sabon rumbu, ka manta ba ka kwaso hatsin ba," in ji Inna Adawiyya. "Kuma ka manta hanyar tsohon."

"Inna, da girmanki, wannan ba daka ba ne."

"Da daka ne ai da tuni an ci tuwo."

Ni dai na ce a bar zancen tsofaffin wasiƙu, na aiki ne. Saƙon Rachel nake so. Ya ce yanzu zan gani. Muka zuba ido, saƙo ya ƙi motsi. Ya ce sabis ne ya yi rauni, rufin kwano na tare shi, dole modem, na'urar kama sabis ɗin, ya hau sama. Wayar modem ɗin ba ta kai ko taga ba. Sai ya ce in modem ba zai je wurin sabis shi kaɗai ba, kwamfuta za ta raka shi. Aka fito da ita tsakar gida, aka kife turmina a gindin mangwaro aka ɗora ta, aka jona waya da waya, ya ɗaure modem a kan gorar shanya, ya saɓa gorar, ya hau bishiya.

Kafin a ce haka, katangarmu ta cika da kawunan mata. Maza kuma sun cika zaure suna leƙe.

"Injiniya, ya yanayin sama?" in ji Idrisu.

"Ana samu! Matar Yaya, sandar sabis nawa kike gani a allo?"

"Ɗaya."

Ya ƙara hawa. "Yanzu fa?"

"Babu ko ɗaya."

"To kin gani, na wuce shi. Sabis ɗin a tsakiya yake."

Ya sauko reshe ɗaya, ya zauna daidai kan gidan jajayen tururuwan nan na mangwaro. Saƙo kuwa ya fara sauka a daidai lokacin. Na ce masa kada ya motsa, abu ya kama. Haka ya zauna, hannu ɗaya riƙe da gora, ɗaya yana marin cinya da wuya, yana salati da ƙarfi. Matan kan katanga suna ta dariya har wata ta zame. Mutumin Gayam ya ce shi dai bai yi asarar rabin kansa ba.

Saura kaɗan a gama sai wata tambaya ta fito a allo. Na karanta masa iya yadda zan iya. Ya ce daga sama, "Tambaya take ko a bar kwafi a can inda saƙon ya fito. Danna a'a."

"Ka bari mana, ko don gaba," in ji Inna.

"Inna, in kin girbe dawarki, kina barin rabi a gona ne? Matar Yaya, danna a'a!"

Na danna. Da hannuna na danna.

Ya sauko jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, amma yana tafe yana buɗa kafaɗa. Ga saƙon Rachel a allo, ga ɗan hoton lasifika a jikinsa.  Na ce ya kunna. Ya kunna, wani layi ya fara tafiya, amma ba a jin komai. Kwamfutar ba ta da lasifika. Da abin sawa a kunne Malam ke saurare.

"Ina abin kunnen Malam?" na tambaya.

Abdulkahar ya kalli mangwaro. Ashe shi ya ara tun bara, ya ce zai ƙara masa ƙarfi.

"Wannan ma alheri ne," ya yi sauri ya ce. "Muryar Yaya ba ta abin kunne ba ce. Ranar fitar takabarki zan kawo lasifikar da ake biki da ita. Duk Birnin Gwari sai ta ji Yaya ya yi magana, ta kuma san wa ya sauko da shi."

"Ni kaɗai nake so in ji."

"Za ki ji, har ki gaji."

Ya kashe kwamfuta, ya zare filash, ya mayar cikin 'yan'uwansa a wuya, ya yi mana sai da safe. A lokacin ban gane cewa mijina ne ya rataya a wuya ya fita da shi ba.

Washegari na kunna don in ga ko sunan saƙon ne, in ji sanyi. Fari fat. Na aika aka kira shi. Ya zo yana murmushi, ya cusa filash, saƙo ya dawo. Ya zare, ya ɓace.

"Kin ga aiki? Tsaro ke nan. Ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar nan, kwango ya ɗauka."

"To bar mini filash ɗin a nan."

"A gidan da tsaka ke kwana cikin na'ura? Wuyana ya fi ko'ina aminci."

"Duk iri ɗaya ne fa. Yaya kake gane shi?"

Ya rufe ido, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga guda. "Wannan. Nauyinsa daban ne. Saƙo na da nauyi, sai dai ba kowa ke ji ba."

Inna Adawiyya ta ce a ɗaura masa jan zare. Ya ce zare aikin mata ne.

Da ba a takaba nake ba, da na bi shi har kasuwa na zauna a gindin lemarsa. Amma ba ni fita. Sai dai labari ya riƙa iso mini. An ce ya gaya wa 'yan acaɓa cewa ya kamo muryar mamaci daga tauraron ɗan'adam. An ce ya gaya wa masu shayi har daga Tsohon Birnin Gwari za a zo da mota. Sadakar da na yi niyya ta 'yan'uwa da maƙwabta, waina da kunu, sai ga shi ana tambayata ko za a kafa rumfa.

Ranar ta zo. Zakiyya ta iso daga Zariya. Na yi wanka, na sa sabon zane, mata suka cika tsakar gida. A waje maza sun cika tabarmi har bakin kwata, Liman na gaba. Bayan an yi addu'a an shafa, Abdulkahar ya fito cikin kwat, a wannan zafin na kaka, ya sa an ɗora kwamfuta a tebur a ƙofar zaure, ga lasifika kusan tsawon mutum. Ni da Inna da Zakiyya muka tsaya a bayan ƙyauren zaure, muna gani ta tsaga.

Ya ɗauki makirfo. Ya yi bayanin rumbu. Ya yi bayanin mangwaro, amma a nasa labarin babu tururuwa. Sai da Liman ya yi gyaran murya sannan ya rufe ido, ya shafa wuyansa, ya zaɓo filash.

Manhaja ta buɗe. Fari fat.

"Tana gaisawa ne da jama'a," ya ce. "Bari in shiga ta ƙofar baya."

Ya buɗe abin da ke cikin filash ɗin, ya danna na farko. Lasifika ta fashe da kiɗan biki, irin wanda ake cashewa da amarya. Wani tsoho da ke gyangyaɗi ya zabura ya zubar da kununsa. Liman ya ce, "Subhanallahi! Abdulkahar, gidan rasuwa ne fa."

"Gwaji ne, Allah gafarta Malam. Lasifika nake gwadawa."

Ya sa na biyu. Kiɗan fim ɗin Indiya. Na uku, wani mai sharhin ƙwallo yana ihu an ci. Na huɗu wa'azi ne, malamin yana cewa, "Ya kai mai faɗin abin da ba ka sani ba, ka ji tsoron Allah!"

"Bar wannan ya ƙare," in ji Idrisu. "Naka ne."

Dariya ta tashi. Gumi ya jiƙa kwat. Ya bi filash ɗin wuyansa kaf, wasu ma sau biyu. Ya ce hadarin da ke gabas ne ya tare. Ya ce janareta ne ke ba da wuta mai datti. Ya ce wataƙila Rachel ce ta janye saƙon daga can.

Na ce wa Zakiyya ta kira Rachel. Rachel ta ce wayyo, ta riga ta mayar da kwamfutar, an share komai, an rufe imel ɗin aikin ma. Ta ce a duba can inda saƙon ya fito, ai akan bar kwafi.

 Na tuna yatsana a kan a'a. Na zauna a dakalin zaure, na ji kamar yau aka fito da makara. A waje ana ta dariya, ba su san abin da ya ɓace ba.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Jumare ne, wani Bafulatani abokin Malam, wanda rugarsu ke gefen daji. Ya ɗauro ƙwaryar nono da man shanu na sadaka, ya makara saboda hanya. A bayan babur ɗin kuma ga wani abu an naɗe da buhu, an ɗaure tamau da igiyar shanu. Ya sauka, ya gaisa, ya yi ta'aziyya, amma bai zauna ba. Ya durƙusa gaban Liman.

"Allah gafarta Malam, abu biyu ya kawo ni. Na ɗaya sadaka. Na biyu, ina so a yi wa rediyona addu'a."

"Rediyo kuma?"

"Aradu, Malam. Tun ranar kasuwa Dabo ke magana a ciki."

 Na miƙe tsaye.

"Ina kiwo, ina jin waƙar sarewa, waƙa na ƙarewa sai na ji tsuntsaye. Na ce to, na daji ne. Sai na ji Dabo ya yi dariya a kafaɗata. Malam, na bar sanda, na bar takalmi. Shanu ma sun ɗaga kai, sun san muryarsa. Matata ta ce rediyon ba zai kwana a ruga ba. A kan bishiyar ƙirya yake kwana."

"A ina ka sami waƙoƙin?" in ji Idrisu.

Jumare ya nuna da baki. "Wurin Injiniya na saya. Ya ce ya zaɓo mini filash mai nauyi, wanda ya fi ɗaukar waƙa."

Duk kawuna suka juya.  Sai Abdulkahar ya ɗaga makirfo.

"Jama'a, shirin ke nan! Na ce muku tsaro. Wane ɓarawo ne zai nemi saƙo a kan ƙirya cikin daji? Da gangan na..."

"Jumare," na ce daga bayan ƙyaure, ban ma san muryata ta fita haka ba. "Don Allah kunna."

Ya kwance buhun a hankali, yana miƙa hannu daga nesa kamar mai kama maciji. Ɗan rediyo ne ja, mai cin filash. Abdulkahar ya taso zai jona shi da lasifika. Liman ya ce, "Zauna." Idrisu ne ya kara makirfo a bakin rediyon.

Sarewa ta yi ta ƙare. Sai iska, sai ganye, sai kukan ragon maza daga nesa. Sai Malam ya ce, "Kin ji shi? Tsaya in kira miki shi." Ya yi kukan tsuntsun da bakinsa. Tsuntsun ya amsa. Ya yi dariya.

Ita ce. Dariyar nan mai ɗan tari a ƙarshe. Zakiyya ta riƙe hannuna, Inna ta riƙe ɗayan. A waje babu mai motsi. Na ga Abdulkahar ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun kwat.

Sai aka ji ƙarar ƙwas-ƙwas, muryar Rachel ta ce, "Oga Dabo, na'urar nan ta fara wasa. Ko in mun koma gari mu kai wa ƙaninka Injiniya?"

"Ke! Rufa mini asiri!" in ji Malam. "Rediyona na kai masa yana shan batir, ya dawo mini da shi yana hayaƙi. Fankar ɗakina yanzu baya take juyawa, bango take yi wa fifita. Yaron kirki ne, zuciyarsa fara tas, ko rigarsa kika roƙa zai ba ki. Amma duk abin da ke da waya a jiki, in kin hango shi, zauna a kai."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Idrisu ya kwanta a tabarma. Mata a ciki suna tafawa. Ni ma ina dariya, hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba.

Abdulkahar ya miƙe, ya gyara kwat. "Kun dai ji da kunnenku. Yaya ya ce zuciyata fara tas."

"Mun ji sauran ma," in ji Inna Adawiyya daga zaure.

Rediyo bai tsaya ba. Aka ji Malam yana kwance ƙullin leda. "Zo ki ci dambu, Rachel. Karima ce ta yi. Kullum sai in ce mata ya yi yawa, kullum sai ta ƙara. Kada ki gaya mata, amma ko rabi ba na ba kowa in ba ke ba."

A nan na fito. Ranar ce ranar fitata, babu mai hana ni. Na ratsa tabarmin maza, na tsaya gaban Jumare, na ce ya kashe haka nan, sauran nawa ne. Ya kashe. Zai zare filash ɗin na ce a'a, kada a raba su. Ya miƙo mini rediyon gaba ɗaya da hannu biyu.

"Riƙe, Innar Zakiyya. Ko an yi masa addu'a matata ba za ta yarda ya dawo ba."

Na rungume shi na koma ciki. Ban kai ɗaki ba na ji takun Abdulkahar a bayana.

"Matar Yaya, filash ba wurin ajiya ba ne na dindindin, kowane injiniya ya san haka. Ba ni shi minti biyu in canja masa mazauni, akwai wata dabara da..."

Inna Adawiyya ta tare ƙofa da muciya, waina na ƙonewa a tanda ba ta damu ba.

"Taka nan ka gani, in canja wa haƙoranka mazauni."

Na shiga ɗaki, na sa sakata. Sai da na bi ta kan waƙoƙin sarewar Jumare kafin in kai, don ban san yadda ake tsallakewa ba, kuma ban yarda in danna komai ba. A waje Abdulkahar na gaya wa Idrisu cewa da bai hau mangwaro ba da babu wanda zai ji komai, Idrisu na cewa a dawo masa da janareta da man da aka ƙona. Na zauna a bakin gado, na ɗora rediyon a cinya. Sarewa ta ƙare. Iska ta taso, ganye ya motsa, Malam ya ce, "Kin ji shi? Tsaya in kira miki shi."

Na ce, "Ina ji, Malam."